Jadawalin Likita Ko Lissafin Kwamfuta: Wa Zai Saita Numfashin Majinyaci?

Na'urar taimaka wa numfashi tana ceton rai, amma takan ji wa huhu rauni. Idan iskar ta yi yawa, ƙananan jakunkunan huhu su kumbura fiye da kima. Idan matsin ya gaza, su riƙa rufewa suna buɗewa har su lalace. Shi ya sa saita ta ya zama babban aiki a sashen kulawa ta musamman, kuma hanyoyi biyu ne ke gogayya a kai: bin jadawali ɗaya ga kowa, ko barin kwamfuta ta lissafa wa kowane majinyaci nasa.

Jadawali yana da hujja mai ƙarfi. A shekarar 2000, ƙungiyar ARDSNet ta Amurka ta gwada mutum 861 masu matsanancin ciwon huhu. Wasu an ba su mililita 12 na iska a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawonsu, wasu kuma mililita 6. Mace-mace suka sauka daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31. Ga shi da sauƙin bi: a auna tsawon mutum, a duba takarda, a murɗa na'ura. Ƙaramin asibiti ma zai iya.

Sai dai jadawali riga ce da tela ya ɗinka wa dukan gari da awo ɗaya. Luciano Gattinoni na Italiya ya nuna cewa a wannan ciwo ɗan sashen huhu ne kawai ke karɓar iska, wani lokaci bai wuce na ƙaramin yaro ba, don haka mililita 6 ɗin ma tana iya yi wa wani yawa. A 2015 Marcelo Amato na Brazil da abokan aikinsa suka gano cewa matsin da ake buƙata don shigar da iskar ya fi yawan iskar nuna wanda zai rayu. Ga kuma matsalar lokaci: na'urar da ke ba da numfashi 15 a minti tana yin 21,600 a yini, likita kuwa zagayensa bai taka kara ya karya ba.

Nan ne lissafi ya samu shiga. Na'ura tana auna matsi da gudun iska a kowane numfashi, ta fitar da taurin huhu da ƙuncin hanyar iska na wannan mutum a wannan lokaci. Tsarin ASV na kamfanin Hamilton yana amfani da lissafin da Otis ya wallafa a 1950 don zaɓen saurin numfashin da ya fi rage wahala. SmartCare na kamfanin Dräger yana lura da saurin numfashi, da yawan iska, da gurɓatacciyar iskar da ke fita, yana rage tallafi sannu a hankali har a yaye majinyaci daga na'urar. Ba ya gajiya, ba ya gyangyaɗi da tsakar dare.

Amma lissafin yakan ɗauki huhu a matsayin jaka guda, alhali wani ɓangaren ya cika da ruwa, wani kuma lafiyarsa lau. Tari, ko majina, ko yoyon bututu na iya rikita awon. Kuma matsin da ya yi wa huhu daidai yana iya hana jini komawa zuciya, abin da nas mai lura za ta gani a jikin majinyaci. Bincike ya nuna irin waɗannan na'urori sukan gajarta lokacin yaye, amma ba su kawo hujjar rage mutuwa irin ta shekarar 2000 ba. A wani gwaji a Ostareliya, inda kowane majinyaci ke da nas ɗinsa, ba su fi ma'aikata sauri ba.

Wannan gwajin ya fayyace inda amfaninsu yake: wurin da gadaje suka fi ƙarfin ma'aikata. Abin takaici, irin waɗannan asibitoci ne suka fi kasa sayensu da gyara su. A ganina, jadawali shi ya kamata ya kafa iyakar da ba a ƙetarewa, kwamfuta ta yi ta gyare-gyarenta a cikin iyakar, likita kuma ya riƙe ikon dakatar da ita. Asibitin da bai iya bin ƙa'idar mililita 6 ba tukuna, ya fara da horar da ma'aikatansa kafin ya nemi na'ura mai sarrafa kanta.