Fentin Mota a Gida: Abin da Hannunka Zai Iya da Abin da Za Ka Bar wa Masu Sana'a

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta biyo baya da faɗuwa, maganar sauya mota ta fita daga bakin ƙaramin ma'aikaci a Bauchi. Wanda a da yake hawan 'yar Kwatano ya sayar ya cika kuɗi ya ɗauko wata, yanzu lallaɓa tsohuwarsa yake yi. Ka tsaya a shataletalen Wunti da hantsi ka duba motocin da ke wucewa. Corolla ce, Golf ce, Vectra ce, rufi da bonet duk sun koɗe, fenti yana ɓarewa. Rana ce ta cinye su. Kuɗin fenti kuwa dala yake bi, domin yawancin kayan daga waje ake shigo da su. Shi ya sa abokan aiki da suka ga ina fama da tawa Corolla a ƙofar gida suke ta tambayata ko mutum zai iya yi wa motarsa fenti da kansa.

Amsar da nake ba su ita ce zai iya mafi yawan aikin, amma ba duka ba. Abin da ke cin lokaci a fentin mota gurza ne da cike lotsa da rufe gilashi, kuma duk mai haƙuri zai iya su. Feshin kansa aikin 'yan sa'o'i ne, amma a nan ne ƙura da yanayi da huhun mutum suke shigowa cikin lissafi.

Kafin ka taɓa samfefa, buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. A motocin Toyota za ka ga C/TR, lambar da ke biye ita ce ta launin motarka: 040 fari ne, 202 baƙi ne. Da wannan lamba mai haɗa fenti zai fara, sannan ya daidaita da ido, tunda fentin da ya sha ranar Bauchi shekara da shekaru ba zai zo daidai da sabo ba. Masu sana'ar kan ce a ciro musu murfin tankin mai su gwada a kai. Idan kuma launin za ka sauya gaba ɗaya, ka sani takardun motarka na ɗauke da tsohon launi, sai ka je ofishin lasisin motoci an gyara, in ba haka ba kana tare da tambayoyi a kowane shingen hanya daga nan har Jos. Koren sojoji kuwa kada ka kusance shi, dokar tarayya ta hana farar hula shafa shi a mota tun zamanin mulkin soja.

Daga nan sai wanki da omo, a cire maiƙo da tsohon folish, domin fenti ba ya kama wuri mai maiƙo. Inda tsatsa ta ci, a gurje da samfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fes. Wanda ya shafa fila, wato kwaɓin cike lotsa, a kan tsatsa ya binne ta da ranta, damina ɗaya za ta kumburo. Lotsa mai zurfi aikin fanel bita ne, ya bubbugo ta waje tukuna. Fila siriri ake shafawa, kuma kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, don da zarar an sa masa hadina, wato sinadarin da ke ƙarfafa shi, cikin 'yan mintoci yake daskarewa, balle da zafin Afrilu. In ya bushe, ka naɗa samfefa a jikin ɗan katako mai sulɓi ka bi da 180, sannan 320. Yatsu zalla suna barin kwari da tudu waɗanda ba za ka gani ba sai fenti ya hau yana sheƙi. Ni tafin hannu nake bi da shi ina shafawa, idona a wani wuri, domin hannu ya fi ido gane tudu. Bayan an fesa firaima, wato shafin farko, ta bushe, sai samfefa 600 da ruwa. Tsofaffin jaridu da tef na takarda su ne na rufe gilashi, fitilu da robobin ƙofa.

Fentin da za ka tarar a shaguna iri uku ne. Akwai selulos, tsohon yayi, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fito da irinsa ga motoci a farkon shekarun 1920, ya rage aikin makonni zuwa na sa'o'i. Yana da araha, yana bushewa da wuri, kuskure a kansa yana gyaruwa, sai dai araha ba ta ado: ranarmu ba ta barinsa ya daɗe da sheƙi. Akwai mai hadina da ake kira 2K. Sai kuma wanda masu fenti ke kira otobes, inda ake fesa launi, a bi shi da kiliya mai ƙyalli. Wannan kiliyar ce kake gani tana ɓarewa a rufin motocin Kwatano.

Hadinan da ake zuba wa 2K da kiliya yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda likitoci suka san shi da jawo cutar asma ga masu fentin mota, kuma in ƙirji ya kamu, ko ɗan kaɗan mutum ya sake shaƙa sai ta tashi. Takunkumin da muka saba da shi lokacin korona ba ya tare shi, haka ƙyalle ko hirami. Madarar da yaran gareji ke sha bayan feshi ma ba ta wanke huhu, ciki take tafiya. Yanzu ka dubi gidajenmu na cikin gari, a Nassarawa Jahun ko Ƙofar Ran: katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, yara na wasa a tsakar gida, uwargida ta hura gawayi, janareto na ruri a lungu. Tururin tina kuwa, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, tartsatsi ɗaya yake jira. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai hankali fesa mota sukutum a gida.

Sai yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne, duk ƙurar da ta sauka a ɗanyen fenti ta zauna ke nan. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, ƙarfen mota yana ɗaukar zafin da fenti zai bushe kafin ya kwanta, ya fito gurji-gurji kamar bayan lemo. A Agusta laima ce ke sa selulos ya yi fari-fari. Lokacin da na ga ya fi dacewa a garin nan shi ne ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, kuma da safe kafin iska ta tashi. A yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kada a yi a gindin dogonyaro saboda ganye da tsuntsaye, kada kuma a yi da dare, fitila tana kiran ƙwari.

Idan bamba ce ko madubi ko ƙofa ɗaya, kana iya gwadawa a fili da fentin gwangwani ko selulos, da takunkumi mai gwangwanin gawayi. Tazarar hannu da ƙarfe kamar santimita 15 zuwa 20, kowane layi ya hau rabin na bayansa, a jira minti 10 zuwa 15 kafin a sake bi. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, mai kauri zuba yake yi. Idan kuma da kwamfiresan mai faci za ka yi feshin, ka sani yakan turo ruwa da mai cikin iska, sai an sa masa matata.

Mota gaba ɗaya kuwa, ga yadda na yi, kuma shi nake ba da shawara. Tun kafin ka fara, ka je wurin mai fenti ka ce, "Maigida, gurza da fila nawa ne, feshi naka ne, nawa za ka karɓa?" Wani zai ƙi, don ba ya son a ɗora masa laifin aikin wani. Wanda ya yarda, ka roƙe shi ya zo ya shafa jikin motar da hannunsa kafin a sa firaima. Ku je sayen fenti tare, a buɗe gwangwani a gabanka. In aljihu zai ɗauka, a fesa a rufaffen ɗakin da suke kira oben.

Bayan mota ta dawo gida, ka ba ta kamar wata guda kafin ka sa mata folish. Ka nema mata inuwa, ko da rumfar kwano ce. Kuma ka hana yaron da ke goge maka ita da safe sa busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu, ya fara zuba ruwa tukuna, in ba haka ba kafin bazara sai ka sake neman samfefa.