Kayan Yaji da Ciwon Gaɓɓai a Fadamar Haɗeja: Gaskiya ko Jita-jita?

Daga Auyo zuwa Guri, manomin shinkafa da masunci da mai surfe duk sun san ciwon gwiwa da na ƙugu. Jama'a kan yi musu kuɗin goro su ce sanyin ƙashi ne, amma likitoci sun rarrabe su. Akwai zaizayar guringuntsin gaɓa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun mutum miliyan 528 a 2019. Akwai kuma kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa idan ta far wa gaɓɓai, mai damun mutum miliyan 18 a wannan shekarar. Ga maganganun da ake yi a kan ciwon, da gaskiyar kowacce.

"Shiga ruwan fadama ne ke kawo ciwon gaɓɓai."

Jita-jita. Sanyi kan sa gaɓar da ta riga ta taɓu ta ƙage, amma ba shi ne mafari ba. Shekaru, ƙiba, tsohon targaɗe, ɗaukar kaya masu nauyi da yawan tsuguno su ne ke cin gwiwa.

"Shayin citta na rage ciwo."

Da ƙamshin gaskiya. Gwaje-gwajen da aka yi wa masu zaizayar gwiwa sun nuna citta na ɗan sassauta raɗaɗi. Sai dai sauƙin kaɗan ne, kuma ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye. Idan ta yi yawa tana jawo ƙwannafi.

"Mai shan kurkur ba ya bukatar asibiti."

Jita-jita. Sinadarin da ke rage kumburi a cikin kurkur bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 na garinsa ba, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai, ko da yake masoro na taimaka masa. Wanda garkuwar jikinsa ke cin gaɓɓansa magani irin methotrexate yake bukata, da wuri. Idan ya shekara yana jiƙe-jiƙe, yatsu na iya karkacewa, kuma ba sa miƙewa daga baya.

"Barkono maganin gaɓɓai ne."

Rabin gaskiya. Manoman ranin Haɗeja sun yi suna wajen barkono da attaruhu, kuma daga sinadarin da ke sa su yaji ake haɗa wani man shafawa mai rage ciwon gwiwa. Amma shafa man daban, cika miya da yaji daban. Liƙa dakakken barkono a fata kuwa ƙuna yake bari.

"Haɗin gargajiya ba ya illa."

Wannan ce jita-jitar da ta fi haɗari a nan. An daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda daga Haɗeja har Gashuwa. A ƙasashe da dama an sha gano ƙwayoyin asibiti irin su dexamethasone da diclofenac an niƙe a cikin garin da ake tallarsa da sunan maganin itatuwa. Nan take ciwo zai kwanta, mai sha ya yi ta sa albarka, alhali na farkon na hawar da sukari da jini yana raunana ƙashi, na biyun kuma na iya ɓarke gyambon ciki ya lahanta ƙoda. Hatta citta da tafarnuwa, idan aka yawaita su, sukan ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini irin warfarin.

Don haka a ci gaba da zuba citta da kurkur da tafarnuwa a girki, a rage ƙiba, a riƙa motsa gaɓɓai. Wanda yatsunsa ke kumbura dama da hagu, suna ƙagewa fiye da rabin awa da safe, ya nufi asibiti. Yaro mai yawan kukan ciwon ƙashi kuwa a fara yi masa gwajin sikila. Duk jiƙon da mutum ke sha ya gaya wa likita, domin da wannan bayani ne likitan zai san ko akwai bukatar a auna ƙoda.