Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohon Faifai

Faifan garmaho ya dawo kasuwa, kuma da tsada. Waɗanda EMI da Decca suka fitar a Legas a shekarun 1970, irin na Fela Kuti, yanzu rububinsu ake yi a Turai da Amurka. Masu sayarwa kuwa kowa cewa yake nasa garau ne.

Akwai ma'aunin da 'yan wannan harka suke bi, na mujallar Goldmine ta Amurka, shi ne kuma ake amfani da shi a kasuwar Discogs ta intanet. M shi ne faifan da ba a taɓa ɗora wa allura ba, da wuya ka gamu da shi. NM ya kusa da sabo. VG+ yana da ɗan gogewa amma sautinsa lafiya lau, kuɗinsa kamar rabin na NM. VG yana ƙas-ƙas tsakanin waƙoƙi, kuɗinsa kashi ɗaya cikin huɗu na NM. Daga G zuwa ƙasa faifai ya ci duniya, sai dai a saya don ajiya.

To amma wa ya ba faifan wannan daraja? Mai sayarwa, kuma yawanci da ido kawai. Ido kuwa yana ruɗi. Faifan da aka yi ta murzawa da dakusasshiyar allura yana iya ƙyalli alhali layukansa sun cinye, ka sa shi ka ji muryar mawaƙi tana tsagewa. Wanki ba ya gyara wannan.

In faifan yana hannunka, fito da shi haske ka karkata shi. Duk karcen da farcenka ya ji, allura ma za ta ji shi. Dubi bakin hujin tsakiya: yawan zane-zane a kan takardar wurin alama ce an sha kunna shi. Ɗora shi a kan tebur, wanda zafi ya lanƙwasa ba ya kwanciya daidai. Lambobin da aka zana kusa da takardar tsakiya su ke raba bugun asali da na baya ko na jabu.

In daga nesa za a aiko, tambayi ko an saurare shi, a turo maka bidiyonsa yana juyawa, ciki da baya. Kwalin faifan ma darajarsa daban ake faɗa. Wanda ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, riƙe kuɗinka.