Ranar Farko a Filin Tseren Babur: Yadda Ake Shirya Mashin, Mahayi da Waya

Bidiyon masu manyan babura da ke kwanciya a kwana har gwiwarsu na shafar kwalta ya cika TikTok da YouTube, kuma matasa a Mahuta da sauran garuruwan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi suna kallonsa kamar kowa. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne aikin da aka yi kafin a tayar da injin. Galibin waɗannan mahaya ba a titin jama'a suke ba. Suna cikin killataccen fili ne da aka gina don gudu, a ranar da aka ware wa talakawan mahaya su biya kuɗi su gwada mashinansu. Wannan ita ce ranar gwaji a fili, kuma dokokinta suna da amfani har ga mai Bajaj Boxer da ke ɗaukar buhun masara zuwa kasuwa.

Mece ce ranar gwaji a fili?

Ranar gwaji ba gasa ba ce, kuma ba a ba kowa kofi. Filaye irin su Silverstone a Ingila da Kyalami kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu sukan buɗe ƙofa ga masu babura na gida, a raba su rukuni-rukuni: sababbin shiga, matsakaita, da gogaggu. Kowane rukuni yana shiga na kusan minti 20, ya fito ya huta. A Najeriya ma an yi tseren manyan babura a filin Evbuobanosa da ke jihar Edo.

Bambancin fili da titi shi ne an cire duk abin da ke zuwa ba zato. Kowa na tafiya ɓangare ɗaya, babu tirela, babu akuya, babu yaro mai tsallaka hanya, kuma motar asibiti tana tsaye a gefe. Abin da ya rage da zai iya cutar da mahayi shi ne mashin ɗinsa da kansa, shi ya sa ake tantance su biyun kafin a bar su shiga.

Taya

Abin da ke haɗa babur da ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannu ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Roba tana bushewa da tsufa ko da zanenta bai cinye ba, don haka tayar da ta haura shekara biyar ko ta fara tsattsagewa ba ta dace da gudu ba.

Ana auna iska ne da geji tun tayar tana da sanyi, domin zafi yana ƙara matsin iskar da ke ciki. Dannawa da yatsa ko bugawa da ƙafa, kamar yadda aka saba a wajen mai faci, ba awo ba ne. Adadin da ya dace yana cikin littafin mashin, wani lokaci kuma a manne kusa da sarƙa. Wanda ya saba cika tayar baya tam saboda lodi ya sani cewa idan shi kaɗai ne a kai, iskar da ta yi yawa tana rage riƙon ƙasa.

Birki

Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mashin zai ci kafin ya tsaya yana ninkawa sau huɗu. Wato wanda ke gudun kilomita 80 a awa yana buƙatar ninki huɗu na filin da mai gudun 40 ke buƙata. Kuma birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, saboda nauyi yana komawa gaba idan an taka birki. Mahaya da yawa suna tsoronsa suna dogara da na baya kaɗai, kuma wannan na cikin abubuwan farko da masu koyarwa a fili ke gyarawa.

A manyan babura masu birkin faifai, man birki yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon mai na DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa matakin yakan sauko zuwa wajen 155. Da zarar ya tafasa, hannun birki sai ya yi laushi ya daina kamawa. Shi ya sa ake canza shi kafin ranar. A Boxer da ire-irensa masu birkin ganga, abin dubawa shi ne takalmin birki da wayar da ke jansa: idan wayar ta fara tsintsinkewa, a sa sabuwa.

Sarƙa, mai da ƙusoshi

Sarƙa tana buƙatar ɗan sassauci, a yawancin babura tsakanin milimita 20 zuwa 30, sannan a wanke ta a shafa mata mai. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna cinye ta da wuri. Ana duba baƙin mai, a tabbatar babu ɗigo ko kaɗan, domin ɗigon mai a kwalta yana iya kayar da duk wanda ke biye. Totur ya riƙa komawa da kansa idan an sake shi. A bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya da sifana. Masu shirya irin wannan rana sukan sa a cire madubi ko a rufe shi da salatif, haka ma fitilu, don kada gilashi ya watse idan an faɗi, kuma don mahayi ya riƙa kallon gabansa kawai.

Kayan jiki

Ba a barin kowa ya shiga fili sai da hular kwano mai rufe fuska har haɓa, rigar fata da wandonta haɗe ko masu zif da ke haɗa su, safar hannu mai rufe wuyan hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. A nemi hular da ke ɗauke da alamar gwaji ta ECE 22.06 ko DOT. Hular leburori ta wurin gini ba ta cikin lissafi, kuma wadda ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya hular kwano yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, yana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da zai iya kai kashi 74 cikin ɗari. A Najeriya hukumar FRSC ta fara tilasta sanya ta tun ranar 1 ga Janairun 2009. A gasar MotoGP kuwa, tun 2018 dole ne kowane mahayi ya sa riga mai jakar iska, wadda na'urorinta ke gane faɗuwa su hura ta kafin jiki ya taɓa ƙasa. Silifas da doguwar riga mai iya shiga sarƙa ko taya ba kayan hawa ba ne, ko a fili ko a gari.

Matsayin waya

Manhajoji irin su RaceChrono da Harry's LapTimer suna amfani da GPS su auna lokacin kowane zagaye. Sai dai yawancin wayoyi sau ɗaya suke sabunta wurin da suke a daƙiƙa, alhali mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a wannan daƙiƙar. Masu son awo na gaske sukan haɗa ƙaramar na'urar GPS ta Bluetooth mai sabuntawa sau 10 zuwa 25 a daƙiƙa. Duk da haka, masu shirya ranar gwaji da yawa suna hana auna lokaci, domin wanda ke bin agogo yakan wuce iyawarsa.

Ɗaure waya a kan hannun mashin ma yana da illa. A 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura tana iya lalata na'urar daidaita hoto ta kyamarar iPhone. Amfanin waya mafi girma yana kafin hawa: a sauke taswirar filin a haddace kwanoninsa, a rubuta awon iska da ranar canza mai, a cika bayanan gaggawa da ke fitowa a fuskar waya ko tana kulle, a kuma adana lambobin 112 da 122 ta FRSC.

Tutoci da ɗabi'ar fili

Kafin a fara akwai bayani na dole. Tuta rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu kuma ba a wuce kowa. Ja na nufin an dakatar da zagayen. Mai ɗigon baƙi da fari kamar dara na nufin lokaci ya cika. Sababbi sukan fara ne da bin malami a hankali, don su san hanya tayoyi kuma su ɗumama. Ana son mahayi ya yi barci sosai, ya sha ruwa tsakanin zagaye, ya kuma nisanci duk wata ƙwaya ko abin da ke gusar da hankali.

Abin da matashin Mahuta zai ɗauka

Tseren da ake yi a ayarin kai amarya ko ranar Sallah a kan titin jama'a ya rasa duk waɗannan sharuɗɗa, kuma ƙafar da ta karye a watan shuka asarar damina ce ga gida guda. Wanda ke son ya ƙware zai iya farawa a fili mai shinge da babu mutane, ya jera robobin ruwa, ya koyi zagaya su a hankali da tsayawar gaggawa daga gudun kilomita 30. A sanar da mai unguwa da jami'an tsaro tukuna, domin a 2021 gwamnatin Katsina ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare saboda matsalar tsaro, kuma taron mashina da yawa a bayan gari yana iya tayar da hankalin jama'a. Duba taya, birki da sarƙa kuwa ba ya cin fiye da minti goma, kuma ana iya yin sa kowace safiya kafin a kama hanyar Funtua.