Shekarar farko a jami'a: Inda masu karatun ilimin halittu ke tuntuɓe da taimakon da iyaye za su iya yi

Duk shekara idan sakamakon jarabawar bak ya fito, gidaje da dama a Damagaram Takaya, Mirya, Gidimuni da cikin birnin Zinder kan cika da guɗa, musamman idan yaron ko yarinyar a sashen D suka ci, wato sashen da ya fi ba da ƙarfi ga lissafi da ilimin halittu. Daga wannan rana maƙwabta kan soma kiran yaron likita, uwar da ta shafe shekara 13 tana sayar da ƙosai ko ƙuli-ƙuli domin sayen kayye da alƙalami kuma sai ta ɗauka wahala ta ƙare. To amma duk wanda ya taɓa zama a jami'a ya san cewa shekarar farko ita ce matakalar da ta fi kowace santsi, kuma a nan ne yara masu ƙoƙari da yawa kan zame, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, sai don yadda ake karatun ya sauya, ba wanda ya faɗa musu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa iyaye 'yan kasuwa bayani, tun da aljihunsu ne ke ɗaukar nauyin wannan karatu.

Kamar yadda aka sani, a da duk ɗan jihar Damagaram da ke son shiga jami'ar gwamnati sai ya kama hanyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, inda Jami'ar Abdou Moumouni take tun daga 1971. A shekarar 2010 ne aka kafa jami'a a Zinder tare da ta Maraɗi da ta Tawa. Jami'ar ta Zinder yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan asalin garin, wanda ya rubuta littafi kan daular Damagaram ta ƙarni na 19, ya kuma rasu a 2022. Tana da tsangayar kimiyya da fasaha da kuma tsangayar kiwon lafiya, kuma a dukansu biyu ana koyar da ilimin halittu, wanda ɗaliban ke kira biyoloji. Ga mutumin Damagaram Takaya, garin da ke arewa maso gabashin Zinder, wanda aka cire daga Mirya aka mai da shi gunduma a 2011, wannan kusanci babbar rahama ce, domin ana iya aika wa yaro garin tuwo da kuɗin sabulu a motar kasuwa. Sai dai kusancin makaranta bai rage wa karatun nauyi ba.

Abin da ke sauyawa

A lise, malami ya san kowane ɗalibi da sunansa, yana rubutu a allo ana kwafa, wanda ya yi fashi kuma a tambaye shi dalili. A jami'a kuwa ɗalibai kan taru a babban zaure, malami ya yi bayanin awa biyu ko fiye da Faransanci, ya tattara takardunsa ya fita, ba ruwansa da wanda ya gane da wanda bai gane ba. Duk da cewa dokar da aka kafa a 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, darussan kimiyya a jami'a da Faransanci ake yin su.

Darasin iri uku ne. Akwai na babban zaure, akwai na ƙananan rukuni inda ake warware tambayoyi, sannan akwai na ɗakin gwaje-gwaje inda ɗalibi zai sa ido a na'urar ƙara girman abu, wato mikroskof, ya ga ƙwayoyin halittar da ke jikin ɓawon albasa ko ɗigon jini, ya zana abin da ya gani. Sannan wanda ya zo domin biyoloji zai tarar ana jiran sa da kimiyyar sinadarai, da fizik, da lissafi, kuma sau da yawa waɗannan ne ke jawo makinsa ƙasa.

Tsarin da ake bi shi ne wanda ake kira LMD. An raba shekara zango biyu, kowane zango yana da awon karatu 30 da ake kira kredi, sai ɗalibi ya tara 180 cikin shekara uku sannan a ba shi takardar lisansi. Makin tsira shi ne 10 bisa 20. Wanda ya gaza yana da damar sake zana jarabawar gyara, idan ya sake faɗuwa sai maimaita shekara. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ma'anar wannan: wata shekara guda ta kuɗin haya, abinci, rajista da fotokwafi, kamar dai wanda ya sari kaya suka kwana ba a taya ba. Idan aka haɗa da jinkirin biyan kuɗin tallafin karatu da yajin aiki da jami'o'in ƙasar suka sha fama da su a shekarun baya, za a ga cewa ba ƙaramar asara ba ce.

Hadda kaɗai ba ta fid da mutum

Babban kuskuren da sababbin ɗalibai ke yi shi ne su tara takardu har sai jarabawa ta rage mako guda, sannan su duƙufa hadda dare da rana. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mutum ya fi saurin manta sabon abu a awannin farko bayan ya koye shi, kuma maimaitawa jefi-jefi ita ke sa abu ya zauna. Don haka shawara ta farko ita ce, darasin da aka yi da safe a sake duba shi a daren nan, a koma masa bayan kwana biyu ko uku, sannan a ƙarshen mako.

Shawara ta biyu ita ce ɗalibi ya riƙa yi wa kansa jarabawa. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada ɗalibai, suka tarar cewa waɗanda suka rufe takarda suka rubuto abin da suka tuna, sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa tuna darasin bayan mako guda. Almajirin makarantar allo ya daɗe da sanin wannan, domin ba a wanke allo sai an kife shi an biya. Saboda haka a rufe kayye, a zana ƙwayar halitta daga ka, a sa wa kowane ɓangare suna da aikinsa, sannan a buɗe a ga inda aka yi kuskure. A kuma nemi tsofaffin takardun jarabawa wurin waɗanda suka wuce gaba.

Ta uku ta shafi kalmomi. Biyoloji cike yake da dogayen sunaye masu firgita baƙo, amma akasarinsu haɗe-haɗe ne daga Girkanci da Latinanci. Wanda ya san cewa sito na nufin ƙwayar halitta, hemo jini, fito tsiro, foto haske, liz kuma fashewa, idan ya gamu da hemoliz ba sai an faɗa masa fashewar ƙwayoyin jini ake nufi ba. Ƙaramin littafi na irin waɗannan saiwoyi, da ma'anarsu da Hausa a gefe, ya fi haddace shafi ɗari amfani.

Ta huɗu ita ce kada a yi wasa da ɗakin gwaje-gwaje, domin gani ya kori ji, kuma ana ba da maki a kansa. Ta biyar, a nemi abokan karatu uku ko huɗu masu himma, kowa ya ɗauki babi ya yi wa saura bayani, domin wanda ya kasa bayyana abu da bakinsa bai gane shi ba tukuna. Ta ƙarshe kuwa barci ne. Masana sun tabbatar cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya, don haka kwana a zaune ana dafa shayi, balle shan ƙwaya da sunan hana barci, ɓarna ce ga karatu da lafiya baki ɗaya.

Darasin yana cikin kasuwa

Wani abin da ɗalibai da iyayensu ba su cika lura da shi ba shi ne, rabin abin da ake koyarwa a wannan shekara yana nan baje a Kasuwar Dole. Mai nono ta san idan ta zuba ɗan tsohon kindirmo cikin dafaffiyar madara, kafin gari ya waye ta kama ta yi tsami. Wasu ƙananan halittu ne da ake kira bakteriya ke cin zaƙin madarar suna mai da shi tsami. Irinsu ne ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Mai fanke da mai burodi suna sa yis ƙulli ya kumbura, saboda yis abu ne mai rai da ke cin sukari yana fitar da iska. Idan aka barbaɗa gishiri kan yankakken tumatir sai ya fitar da ruwa, kuma haka gishirin ke zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin da ke ruɓar da kifi da nama. Wannan shi ne babin da ake kira osmoz, wanda ke kayar da yara a jarabawa. Majeman Zinder da suka yi suna wajen aikin fata suna jiƙa ta da bagaruwa, sinadarin da ke cikinta ya kama jikin fatar ya hana ta ruɓewa.

Masu sayar da wake kuma sun san buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Afirka, ciki har da na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi, aka soma yaɗa shi daga 2007. Babu magani a cikinsa. Ƙwaron wake yana numfashi kamar kowa, idan aka ɗaure buhun tamau sai ya cinye iskar da ke ciki ya mutu. Wannan shi ne darasin numfashi.

Haka nan babin gado. Gregor Mendel, wanda ya wallafa bincikensa a 1866, da wani irin wake ya gano yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyaye. Da ƙa'idarsa ce ake lissafin cutar amosanin jini, wadda ake kira sikila ko emasi: idan miji da mata duk suna da AS, to kowane ciki da aka ɗauka yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A lura, kowane ciki muka ce, don haka ana iya haihuwar masu ciwon biyu a jere, ana kuma iya haihuwar huɗu ba ko ɗaya. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya amfani danginsa tun kafin ya karɓi takarda.

Naku aikin, iyaye

Hajiya, ba sai kin iya Faransanci ba sannan ki taimaki 'yarki. Idan ta zo hutu, zaunar da ita ki ce ta bayyana miki da Hausa dalilin da ya sa fura ke tsami da wuri a lokacin zafi, ko yadda sauro ke ɗauko zazzaɓi daga jikin wani ya kai wa wani. Idan ta yi bayani kika gane, to karatu ya shiga. Idan ta tsaya kame-kame tana jero kalmomin da ita ma ba ta san kansu ba, sai ta koma ta sake duba littafi.

Alhaji, kai kuma ka riƙa neman takardar maki a ƙarshen kowane zango kamar yadda kake bin lissafin yaron shago, kada ka tsaya kan amsar lafiya lau. Wanda aka gano rauninsa a zangon farko ana iya ceto shi kafin shekara ta ƙare. A kuma rage kiran ɗalibi gida domin tsaron rumfa ranar kasuwa ko hidimar biki da suna, saboda darasin gwaje-gwaje guda da ya wuce shi da wuya ya sake samun sa. 'Ya mace da aka sauke a gidan dangi a Birni ko Zango, a yi magana da masu gidan tun farko, kada ɗebo ruwa da girki da raino su cinye lokacin karatunta. Fitila mai aiki da hasken rana, kuɗin fotokwafi da abin karin kumallo sun fi sabuwar waya muhimmanci, ko da yake wayar ma tana da amfani idan a zauren WhatsApp na aji aka tsaya, inda ake tura darussa da jadawalin jarabawa.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa juna. Ba duk mai karatun biyoloji ne zai zama likita ba. Karatun likita hanyarsa daban ce, yana ɗaukar shekara bakwai zuwa takwas, kuma gurabensa kaɗan ne. Mai lisansin ilimin halittu yana iya koyarwa a sakandare, ko ya ƙaro karatu ya yi aikin gwajin jini, ko binciken iri da ƙwarin amfanin gona, ko kula da gandun daji da ruwan sha, kuma duk waɗannan fannoni ne da jihar Damagaram ke da buƙatar masu su. Matsa wa yaro da sunan likita tun bai shiga aji ba kan sa idan ya faɗi ya ɓoye wa gida, har sai abin ya gagari gyara.

Ga ɗaliban kuma, wanda ya ci maki 6 ko 7 a gwajin farko kada ya yanke ƙauna, sai ya ɗauki takardarsa ya je wurin malami ya tambayi inda ya kauce, domin matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sa wa iyaye albarka a cikin nemansu, amin.