Madawa, Buza, Keita: difilom ba ya kawo kai

Kowace shekara samari da ƴammata na fitowa daga cibiyoyin koyon sana'a na Tawa, Maraɗi da Yamai riƙe da takardar shaidar aski ko gyaran gashi. Wasu da tallafin asusun FAFPA suka koya, wasu da gumin iyaye. Akwai masu komawa gida, Madawa, Buza, Keita ko garuruwa irin su Tama, su kama shago, su rataya madubi, su manna difilom ga bango. Nan wuyar ke farawa: hantsi ya yi, azahar ta wuce, kujera ba kowa.

Kowane kai da mai shi

Dalili kuwa a fili yake. A ƙasar Adar da Majiya babu kan da ba shi da mai taɓa shi. Wanzanci gado ne: wanzamin da ya yi wa uba askin suna shi ko ɗansa zai yi wa jika, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, a ƙauye kuma da kaka akan kai masa damen hatsi. Mata kuwa a tsakar gida ake yi musu kitso, wurin maƙwabciya ko ƴar'uwa, ana hira. Saboda haka sabon mai shago da zumunci yake takara, zumunci kuwa ba a karya shi da allon talla.

Kawunan farko suna fitowa daga waɗanda ba su gaji kowa ba a garin: malaman lakkol, ma'aikatan likita da jandarmomin da aiki ya kawo, ƴan makaranta, da ƴan cirani masu dawowa daga Abijan, Legas ko Libiya da sabon salon askin tanduz. Wanda ya riƙe waɗannan da kyau, su za su jawo masa ƴan gari.

Kasuwar kai tana bin aljihu

Kuɗɗi a yankin nan suna da lokacinsu: ƙarshen wata ga ma'aikata, bayan girbin hatsi, lokacin cinikin albasa, kakar bukukuwan aure, sai jajibirin sallolin nan biyu, inda ake kwana ana aski da kitso. Da damina kuwa kowa na gona, shago sai ƙuda. Wanda ya cinye ribar salla cikin mako, haya da fatanti za su tarar da shi hannu sake.

Sai bashi. Hausawa sun ce hanji ne, yana cikin kowa. Tsofaffin masu shaguna ba su manta shekarun 1990 ba, lokacin da albashin ma'aikata kan yi watanni bai fito ba, littafin bashi ya cika, akwatin kuɗɗi ya bushe. Hana bashi gaba ɗaya korar jama'a ne. Bayar da shi ba iyaka rufe shago ne.

Kayan aiki ma ba su zama wuri guda. Galibin mayuka, gashin ƙari da reza daga Nijeriya suke shigowa, farashinsu na bin naira. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta nuna yadda kayan waje ke tsada dare ɗaya. Haka lantarki: duk da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, yankewar wutar Nijeriya daga watan Agustan 2023 zuwa farkon 2024 ta tsayar da injuna da yawa. Shi ya sa mai dabara ke sayen tanduz mai batir da farantin hasken rana, har ya riƙa cajin salula: wanda ya kawo waya yau, gobe kai zai kawo.

Inda takarda ke da rana

Amfanin karatun yana bayyana wajen tsabta. Tun da aka gano cutar sida a Nijar a 1987, aka riƙa jan kunnen jama'a game da aska guda a kan mutum goma, wadda ke iya yaɗa ciwon hanta ma. Sabuwar reza da aka ɓare a idon mai aski, wanke kayan aiki da ruwan Javel, kula da yaro mai makero kada ya shafa wa wani: waɗannan ake gani, a faɗa a majalisa. Kuskure ma ana faɗarsa. In man miƙe gashi ya ƙone kan amarya guda, kafin magariba labari ya gama unguwa.

Ga ƴammata, shago kaɗai bai isa ba, don matan aure da yawa ba su zuwa zaman shago. Mai kitso ce ke bin su gida da kayanta. Amarya guda da aka yi wa shuku da lalle mai kyau, duk matan biki sun ga tallar.

Abu na ƙarshe shi ne ladabi. Yaron da ya je ya gaida Sarkin Aska kafin ya buɗe ƙofa, ya bar wa wanzamai suna da kaciya, ya sayi zaman lafiya da araha. Takarda Tawa ke bayar da ita. Kawuna kuwa mutanen gari ke bayarwa, ɗaya bayan ɗaya.