Daga Dutse Alhaji Zuwa Ushafa: Jarin Da Ke Kwance A Ƙauyukan Kan Duwatsu

ABUJA – Duk wanda ya saki babbar hanyar Kubwa ya karya ta mahaɗar Dutse Alhaji da nufin zuwa Bwari, abin da zai fara cin karo da shi shi ne cunkoson motoci da 'yan acaɓa da masu kasa kaya a bakin titi. Amma da zarar ya wuce kasuwa ya ɗaga kai, sai ya ga jerin duwatsu sun yi wa garin ƙawanya, a gindinsu kuma ga gonakin doya da dawa da masara. Ɗan gaba kaɗan akwai ƙauyen Ushafa da madatsar ruwa ta Usuma, wadda daga cikinta birnin Abuja ke shan ruwa. Mafi yawan 'yan kasuwa suna kallon wannan yanki ne a matsayin wurin sayen fuloti ko fasa dutse. Alhali kuwa a wasu ƙasashe irin waɗannan ƙauyuka sun zama hanyar samun kuɗin shiga ba tare da an rushe dutse ko an tashi manomi ba, ta hanyar abin da ake kira yawon shaƙatawa na karkara.

Ma'anar wannan sana'a a taƙaice ita ce, manomi ko mai gida a ƙauye ya riƙa saukar da baƙi daga birni, su kwana a gidansa, su ci abin da gonarsa ta fitar, su ga yadda ake noma da sana'o'in hannu, su yi tattaki a kan duwatsu, sa'an nan su biya. Bambancinta da otal shi ne gona da gidan ƙauye su ne kayan sayarwar, kuma kuɗin yana shiga aljihun mutanen wurin ne kai tsaye. A ƙasar Italiya, wadda ta yi wa sana'ar doka tun a shekarar 1985, an ma gindaya sharaɗin cewa dole noma ya ci gaba da zama babban aikin gidan, saukar baƙi kuma ya biyo baya.

Darasi daga tsibirin Saifurus

Misalin da ya fi kama da namu shi ne na Saifurus, wani tsibiri da ke gabashin Tekun Bahar Rum. A tsakiyarsa akwai tsaunukan Turodos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,952, kuma ƙauyuka masu gidajen dutse suna warwatse a jikinsu. Bayan rikicin shekarar 1974, wanda ya raba tsibirin biyu, ɓangaren kudu ya dogara ƙwarai a kan gina otal-otal a bakin teku. Sana'ar ta bunƙasa har baƙin da ke zuwa suka kusan kai miliyan 4 a shekarar 2019, wato sun ninka mutanen ƙasar sau da dama. Sai dai kuma wannan bunƙasa ta janye matasa daga kan tsaunuka zuwa garuruwan bakin teku, aka bar tsofaffi da gidajen da ke neman rushewa da gonakin inabi da ba mai kula da su.

A farkon shekarun 1990 ne hukumar yawon shaƙatawa ta ƙasar ta ɓullo da shirin farfaɗo da waɗannan ƙauyuka. An tallafa wa masu tsofaffin gidaje su gyara su bisa tsarin gini na gargajiya, su mai da su masaukin baƙi, an kuma gyara dandalin ƙauyuka da hanyoyin tattaki. A shekarar 1996 aka kafa kamfani guda wanda ya haɗa masu masaukan a ƙarƙashin inuwa ɗaya, yana yi musu talla, baƙo kuma yana iya kama ɗaki ta hannunsa. Bugu da ƙari, kowane ƙauye ya riƙe abin da aka san shi da shi. Lefkara ta shahara da saƙar hannu ta mata, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2009. Aguros kuwa an san ta da ruwan wardi da kayan zaƙi na 'ya'yan itatuwa. Tsofaffin majami'u masu zane a bango da ke cikin tsaunukan su ma sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya tun a shekarar 1985.

Shirin bai mayar da dukkan matasa gida ba, domin har yanzu tsofaffi ne suka fi yawa a ƙauyuka da dama. Amma ya ceto gidaje masu yawa daga rushewa, ya kuma buɗe wa mai cuku da mai zuma da mai saƙa kasuwa a ƙofar gida. Abin lura shi ne, ba a ƙirƙiro wani sabon abu ba. Abin da ke ƙasa aka gyara, aka tsara, aka sa masa farashi.

Abin da ke ƙasa a yankin Bwari

Idan aka auna yankin Dutse Alhaji da wannan ma'auni, za a ga cewa kayan sayarwar suna nan. Na farko shi ne yanayin ƙasa. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba duwatsun suna yin kore shar, ƙoramu na gudu, a lokacin hunturu kuma ciyawa ta bushe, hawa ya yi sauƙi. Na biyu shi ne mutanen wurin, wato al'ummar Gbagyi, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwari, manoman doya na asali da ke zaune a gindin waɗannan duwatsu tun kafin a yi tunanin gina Abuja.

Na uku, wanda ya fi kowanne suna, shi ne ginin tukwane. Yankin Babban Birnin Tarayya ne ya fitar da Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a shekarar 1954. Ta nuna ayyukanta a Turai da Amurka, ta rasu a shekarar 1984, kuma hotonta ne ke bayan takardar Naira 20. A Ushafa akwai cibiyar ginin tukwane da aka kafa ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida. Wannan cibiya ce ta jawo Shugaban Amurka na wancan lokaci, Bill Clinton, ya ziyarci ƙauyen a watan Agusta na shekarar 2000, abin da ya sa sunan Ushafa ya zagaya duniya a rana ɗaya.

Amma fa wannan ziyara darasi ce ta wata fuskar. Suna ya fita, sai dai ba a gina masa sana'a ba. Baƙon da ya je Ushafa yakan duba tukwane, ya sayi ɗaya ko biyu, ya ɗauki hoto, ya koma birni kafin la'asar. Kuɗin abincinsa da na kwanansa duk a Wuse ko Maitama suke ƙarewa. A wannan sana'a kuwa, riba tana cikin kwana ne. Baƙon da ya kwana zai ci abinci sau uku, zai biya ɗan rakiya, zai sayi doya da zuma da man gyaɗa zai tafi da su, kuma idan ya ji daɗi zai dawo da iyalinsa.

Ina masu sayen suke?

A nan yankin Bwari ya fi ƙauyukan Saifurus sa'a ta wani ɓangare, domin ba ya bukatar jiran baƙi daga ƙetare. Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, birnin ya cika da ma'aikata da jakadu da ma'aikatan ƙungiyoyin duniya, da kuma yaran da aka haifa a bene waɗanda ba su taɓa ganin yadda ake tonon doya ba. Garin Bwari kansa yana da hedkwatar Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Nijeriya da ta hukumar JAMB, waɗanda ke jawo baƙi duk shekara. Ƙungiyoyin matasa masu hawan duwatsu a ranakun Asabar sun yawaita a birnin. Abin da ya faru a Mpape a shekarar 2020 ma ya isa shaida, lokacin da hotunan wani tsohon ramin fasa dutse da ya cika da ruwa suka bazu a intanet, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa wurin, masu sayar da abinci da abin sha suka bi su. Idan rami da aka yasar zai tara mutane haka, to ƙishirwar wurin shaƙatawa ba ƙarama ba ce.

Sai dai wajibi ne mai son zuba jari ya yi lissafi da idon basira, domin cinikin na ƙarshen mako ne. Alal misali, gida mai ɗakuna 4 da ke karɓar baƙi daren Juma'a da na Asabar yana da darare 104 a shekara, wato kwanan ɗaki 416 idan kullum a cike yake. In rabi aka samu, 208 ke nan. Wannan ba zai iya biyan bashin banki mai tsadar ruwa da aka ci don gina sabon otal ba. Amma zai iya zama ƙarin kuɗin shiga mai tsoka ga gidan da tuni yake da gona da ɗakuna, wanda gyara kawai yake bukata: makewayi mai tsabta, ruwa, wutar sola da gidan sauro. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce haɗin gwiwa, ɗan kasuwa ya kawo jari da talla da motar ɗaukar baƙi, mai gida kuma ya kawo wuri da abinci da sanin daji. Ziyarar 'yan makaranta a tsakiyar mako da ƙananan tarurrukan ma'aikatu za su iya cike giɓin sauran ranaku.

Matsaloli uku

Matsala ta farko ita ce tsaro, kuma ita ce uwa uba. A watan Yuli na shekarar 2022 'yan bindiga sun yi wa sojojin rundunar tsaron fadar Shugaban Ƙasa kwanton ɓauna a yankin Bwari, sa'an nan a farkon shekarar 2024 sace-sacen mutane a yankin sun tayar da hankalin ƙasa baki ɗaya. Duwatsun da ke jawo baƙo su ne kuma ke ba ɓata-gari mafaka. Ba wanda zai kai iyalinsa kwana inda yake fargaba, kuma wannan aiki ne na hukuma wanda ɗan kasuwa ba zai iya ɗauke mata ba. Kafin al'amura su daidaita sosai, hikima ita ce a fara da ziyarar yini a ƙauyukan da ke kusa da titi, tare da sanin masu unguwanni da jami'an tsaro.

Ta biyu ita ce mallakar ƙasa. Dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1976, wadda ta kafa Babban Birnin Tarayya, ta danƙa dukkan filayen yankin a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Ministan Abuja ne ke da ikon bayar da su. Takardar da aka karɓa daga hannun mai unguwa ko dillali ba ta hana rusau. Manomin da ya gaji gonarsa kaka da kakanni shi ma sau da yawa ba shi da takardar da banki zai karɓa a matsayin jingina. Don haka ya kamata duk wata yarjejeniya ta kasance a rubuce, bayan an bincika matsayin filin a ofishin filaye na Abuja.

Ta uku ita ce lalacewar jarin kansa. Dutse Alhaji da maƙwabtanta sun cika da masu neman hayar da ta fi ta cikin birni sauƙi, gidaje suna ta hawa jikin duwatsu, gonaki suna komawa fulotai. Masu fasa dutse su ma suna nasu aikin, kuma ba a manta ba cewa bayan motsin ƙasa da aka ji a Mpape a watan Satumba na shekarar 2018, hukumomi sun dakatar da fasa duwatsu a wasu sassa na ɗan lokaci. Dutsen da aka fasa sau ɗaya ake sayar da shi, wanda aka bari kuwa ana iya karɓar kuɗin hawansa shekara da shekaru. Haka nan madatsar Usuma ruwan sha ce ta miliyoyin mutane, don haka duk wani shiri a kewayenta dole ya bi ƙa'idojin hukumar ruwa ta Abuja, musamman game da shara da bahaya.

Abin da ya rage

Darasin Saifurus shi ne gida ɗaya ba ya iya wannan sana'a shi kaɗai. Ana bukatar ƙungiyar haɗin kai mai rajista wadda za ta tsayar da ma'aunin tsabta da farashi, ta horar da 'yan rakiya daga cikin matasan ƙauyukan, ta kuma zama ƙofa ɗaya da baƙo zai ƙwanƙwasa. Ana bukatar Ƙaramar Hukumar Bwari da hukumar Babban Birnin Tarayya su keɓe wasu duwatsu da hanyoyin tattaki waɗanda ba za a yanka fuloti a kansu ba. Mata magina tukwane kuma su kasance cikin masu mallaka, kada su tsaya a matsayin abin kallo kawai.

Hausawa kan ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kowace damina da ta wuce, ginin siminti yana ƙara cin wani yanki na gindin duwatsun da ke tsakanin Dutse Alhaji da Ushafa. Ɗan kasuwar da ke son shiga wannan sana'a yana da sauran dama a yau, amma damar tana raguwa daidai da yadda gonakin ke raguwa.